Dakar da Ƙafar Nomau

Kun tashi kuna ji ina cewa kifi ne ya hana ni zuwa Dakar. Na ce muku an gaya mini can da safe kifi, da rana kifi, in mutum ya yi mafarki ma kifi ke bin shi da gudu, ni kuwa ɗan hatsi ne, hanjina bai san wata dabba ba in ba akuyar Sallah ba. Wata rana kuma na ce jirgin sama ne, wai na je Yamai na gan shi da idona, na ga babu yadda mutum zai ce wa direba ya tsaya a sauka a kama ruwa. Ke Balki har lakwal kika kai labarin, kika faɗa wa mushen da ke koyar da ku a aji cewa babanki ya ƙi karatu don tsoron teku. Duk ni na ƙera su, kuma ba ni nadama, tunda kun yi dariya. Amma yanzu gwiwa ta fara ba ni labari, Gwaggo Dije ta rasu, Ma'azu ya rasu, uwarku kuwa ba ta son a tuna mata wannan shekara. In ban rubuta ba, za ku rufe ni kuna tsammanin kifi ne.

Nomau kun san shi, wanda kuke ce wa Baba Nomau, mai zuwa da gujiya cikin buhu, ya zauna bakin ƙofa ya ƙi shiga ɗaki. Ɗan Gwaggo Dije ne, ƙanwar babana, wadda aka aurar a wani ɗan ƙauye kusa da garin Sarkin Hausa. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, ke nan taubashina ne, kuma bisa al'ada bawana ne, ko da yake bai taɓa yarda ba ko sau ɗaya. Ku ƴan yanzu kun maida taubasantaka gaisuwar biki. Mu a lokacinmu aiki ce. Taubashi in ya gan ka bai zage ka ba, sai ka tambaya ko lafiya. Ya tuɓe maka hula gaban surukanka, ya cinye maka tuwo, ya ce kanka ya yi kama da rumbun da iska ta kwashe wa jinka, kuma ba ka da izinin fushi. In ka yi fushi kai ne abin kunya, har jikokinka sai an gaya musu. Ni da Nomau kuwa mun ƙware. In muka haɗu a kasuwa, mahauta kan aje wuƙa su saurara.

Yana saurayi ya tafi cin rani kudu, mai ƙarfi, irin wanda in ya kama hauya sai ka ji tausayin gona. Ya dawo wani mutum daban. Muryoyi yake ji a kansa, kuma muryoyin umurni suke ba shi ba hutu: tashi, zauna, kar ka ci, kar ka kwanta. Saboda haka duk wanda ya ba shi umurni, ko da cewa ya yi zo ka ci abinci, sai ya haɗa shi da su ya tasam mishi. An yi rubutu, an yi turare, an je wuraren da ba a faɗi. Iyayen matarsa suka zo suka ɗauke ɗiyarsu. Daga nan aka yi abin da ake yi a ƙauyukanmu: maƙeri ya ƙera ƙarfe ya zagaya mishi a ƙafa, aka haɗa da sarƙa, aka kafa sarƙar a gungumen itace. Turu ke nan. Kada ku yi saurin zagin mutanen. Da damina kowa na gona, gida sai tsofaffi da jarirai, rijiya ga ta a buɗe. Wansa Ma'azu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar ubansu, yana kuka ya riƙe mishi ƙafar aka buga ƙarfen.

Ni a lokacin ina jami'a a Yamai ina neman lisansi, digirin farko ke nan. Da na gama aka turo ni Tasawa a matsayin asistan sosiyal, wato mai sauraren wanda ba shi da mai saurarensa, sai na hau moto, wato babur, na je gaida Gwaggo. Tun a hanya nake shirya kalmomin da aka koya mana na lallashin marar lafiya. Da na gan shi zaune a ƙasa, gashi ya cukurkuɗe, ya rame har gwiwarsa ta fi cinyarsa kauri, duk karatun ya gudu ya bar ni. Abin da bakina ya saba shi ya fito.

"Kai bawa, wa ya ɗaure mini kai ban ba da izini ba? Satar kaji ka koma?"

Ma'azu ya matso don ya janye ni. Nomau ya ɗaga kai, ya dube ni har na fara neman hanyar gudu.

"Komi," ya ce, "har yanzu kunnuwan nan naka ba su faɗi ba?"

Komi yake ce mini tun ranar da na shiga lakwal, wai ɗan rubuce-rubucen biro, akawun ofis ke nan. Gwaggo tana tsaye da ƙwarya a hannu, sai kawai ta zauna a ƙasa. Shekaru ke nan ba ta ji ya yi wa mutum magana irin ta mutane ba. Daga baya na gane dalili. Muryoyin nan nasa ba su iya wasa ba. Zagin taubashi kuwa ba umurni ba ne, babu abin da yake nema gare ka sai ka rama.

A kan wannan na gina komai. Na sami wani likita a Maradi ya rubuta allura ta wata-wata, ni ke sayowa, Majo Bulus, ma'aikacin jinya na gidan likitan Sarkin Hausa, ke yi. Kun san shi shi ma, Kirista ne, mutumin da ya fi kowa haƙuri a duk ƙasar Mayahi. Ban taɓa ce wa Nomau zo mu tafi ba. Sai in jingine moto a ƙofar gida in ce na ji labari tsoron allura yake, jarirai mata na karɓa ba su kuka, kuma ko ya roƙe ni ba ni ɗaukarsa, kar ya ɓata mini kujera. Sai ya haye bayana don ya ƙona mini rai. Majo kuwa ya koyi yin shiru. Muna cikin gardamar kakan wa ya fi rowa, alhali kakan namu guda ne, sai ya soka allurar ya zare. Aka cire ƙarfe. Nomau ya koma gona, ya yi ƙiba, har ya sayi tunkiya ya sa mata sunana.

Shekarar da nake son ba ku labari, na riga na haye arba'in. Lisansi kawai gare ni, kuma a aikin gwamnati duk mai son ya zama shef, ya shugabanci wasu, sai ya ƙaro mastar. Na aje dosiye, takardun neman gurbin karatu, kamar kowa, na rubuta cewa abin da nake son in karanta shi ne yadda za a kula da masu taɓin hankali a ƙauye ba tare da ƙarfe ba. Labarin Nomau na zuba a ciki, suna kawai na sake mishi. Cikin bazara shef ɗinmu ya kira ni biro, ya rufe ƙofa, ya ce an ɗauke ni Dakar, da bursu, wato gwamnati ke biyan kuɗin karatun, shekara biyu, tafiya bayan kaka. Ya lissafa mini abin da ke can: malamai waɗanda littattafansu muka karanta, babban asibitin masu taɓin hankali inda za a yi sitaj, wato koyon aiki a aikace, da diplom wadda in ka dawo da ita ba mai tambayarka komai, kujera kawai za a nuna maka a Yamai. Amma tikitin jirgi ɗaya ne na zuwa, ɗaya na dawowa, hutun tsakiya kuma a sitaj ake cinye shi.

Akwai wasu ƙofofi biyu, don kada ku ce ban duba ba. Yamai na da darasin yamma, amma ba a reshen da nake so ba, kuma sai an maida ni aiki can, daga can zuwa gida kuwa yini guda ne cikin kar, babbar motar hayar nan, in kar ɗin ta ga dama. Sai Kano, inda wata jami'a ke koyar da wannan aiki Juma'a da Asabar ga masu aiki. Daga Tasawa in ka yi sammako, can za ka yi azahar. Amma da Ingilishi ake yi, ni kuwa Ingilishina bai wuce abin da ake rubutawa a bayan motocin Najeriya ba. Za su sa ni koyon harshe tukuna, sa'an nan shekarar share fage, kafin a zo mastar. In an gama kuma takardar sai ta je Yamai an auna ta an ga ko ta yi daidai da tamu, abin da kowa ya san yana cin shekaru. Da na ambaci Kano a gaban shef, dariya ya yi, ya ce in bar wasa yau ɗaya.

Gaskiya ita ce Dakar nake so, kuma ba kaɗan ba. Kafin mako ya zagayo babu mai shayin da bai sani ba a Tasawa. Na ƙirƙiri wani yare ina gaida mutane da shi, na ce musu yaren Dakar ne, har wani ɗan kabu-kabu ya fara amsa mini. Uwarku Hadiza ba ta yi surutu ba, amma ta sayi shadda ta kai wa tela, ta fara tambayar matan jandarmomi wace unguwa ce ta fi lakwal mai kyau a Yamai. Ku take gani. Mamman na gab da shiga kolej, ajinsu yara sun fi bencina yawa, wasu a ƙasa suke rubutu. Ita ce ta fara ambaton abin da nake ta kewayewa. Wata safiya tana dama fura ta ce, Nomau fa? Kafin in buɗe baki ta ba kanta amsa: ai Issuhu ma taubashinsa ne, uba ɗaya kuke, abin da kake yi mi zai hana shi yi? Na ce wallahi kin fi shef ɗina kai.

Na je ƙauye na faɗa musu. Gwaggo tana tankaɗe, idonta ya riga ya fara dushewa. Ta ce Allah ya sa a je a sa'a, ta tambaye ni ko ana samun hatsi can. Ba ta ambaci ɗanta ba ko da kalma guda, kuma har ta rasu ba ta taɓa roƙona in zauna ba. Ma'azu ne ya raka ni wajen moto, ya ce mini shi ba ya hana kowa arziki, amma in sani gungumen nan yana bayan rumbu, bai ƙona shi ba, in allura ta tsaya ba shi da wata dabara. Nomau kuwa da ya ji, sai ya tambaye ni ko mutanen Dakar sun rasa mahaukata ne har sai an aika musu daga Tasawa.

Baba Issuhu kun san halinsa. Ƙanena ne, amma kamar ba ciki ɗaya ya haife mu ba. Mutum ne da ko akuya ta ci mishi kaya a kasuwar Mayahi, haƙuri yake ba ta. Shi na zaunar a zaure ina koya wa zagi kamar mai koyar da karatu. In ce, ce mishi bakinsa ya yi kama da tsohon takalmi. Ya ce, Yaya, ba zunubi? In ce, taubashinka ne, lada ma za ka samu, maimaita. Ya maimaita yana duban ƙasa kamar mai ta'aziyya. Watan farko tare muka je, komai ya tafi daidai, ina zagi Issuhu na murmushi a baya. Na ce shi ke nan, an samu magaji. Wata na biyu ruwa ya sauka, an yi shuka, ni kuma aka tura ni zagayen ƙauyuka ta wajen Gidan Amumune. Na ba Issuhu allurar da moton aro na ce ya je shi kaɗai, gara a gwada tun ina ƙasar.

Dukanmu mun ɗauka taubasantaka a jini take, duk wanda ya gaje ta zai iya. Ni da Hadiza da Ma'azu, babu wanda ya yi tunanin wani abu daban. Jini yana ba ka izini ne kawai. Issuhu ya tsaya nesa, murya na rawa, ya karanto zagin nan ɗaya bayan ɗaya kamar hadda, fuskarsa cike da tsoro. Zagi in babu dariya a bayansa, zagi ne kawai. Da Issuhu ya ga ba a rama ba, ya rasa abin yi, sai ya ce, to tashi mu tafi, Yaya ya ce a yi maka allura. Ƙotar hauya na kusa, Nomau ya ɗauka ya kai mishi duka. Hannun da Issuhu ya kare kansa da shi ne ya karye, shi ya sa har yau ba ya miƙe shi sosai. Allura ba a yi ba. Kafin labari ya same ni a inda nake, muryoyin sun dawo, Nomau ya je ya zauna bakin rijiya ya hana mata ɗiban ruwa yini guda, Ma'azu ya aika a kira maƙeri.

Da hantsi na isa. Lokacin noman farko ne, ƙauyen babu kowa sai kaji. An jawo gungumen ƙarƙashin gawon da ke bayan gida, gawo kuwa kun sani da damina yake zubar da ganye, babu inuwar komai. Gwaggo ta kafa kara biyu ta rataya tabarma don ta tare mishi rana, ta zauna can gefe. Na jingine moto, na shirya fuska, na buɗe baki in ce bawa, sai muryata ta fito irin ta Issuhu. Ya ɗaga hannu.

"Bari, Komi. Yau ba ta fito maka ba."

Hankalinsa na jikinsa a wannan sa'a, haka ciwon yake, yana zuwa yana sakinsa. Ya tambaye ni hannun Issuhu, na ce an ɗaure, zai warke. Ya ce in ba shi haƙuri, ba shi ya gani ba lokacin da ya ɗaga ƙotar. Sa'an nan ya yi magana a hankali, yana duban sarƙar ba ni ba.

"Ka tafi karatunka. Shekara biyu ba wani abu ba ce, na yi wadda ta fi haka a nan. Abu guda nake so ka gaya wa Ma'azu. Wancan karon Inna ke naɗa mini tsumma ƙarƙashin ƙarfen, yanzu idonta ba ya gani. A samu wanda zai riƙa naɗawa. Da damina ƙarfe yana cin nama."

Na duba ƙafar. Ƙarfen ya riga ya fara, ƙudaje na kai. Tun muna yara mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba, ƙwacewa yake yi. Yau ya roƙa, kuma tsumma ya roƙa.

Ba zan ce muku na zauna na auna kamar mai hankali ba. Ƙafata ce ta kai ni gonar Ma'azu. Na same shi a sunkuye, na ce a cire ƙarfen. Ya miƙe, ya share zufa, ya ce shi ma ɗan'uwansa ne, ba daɗi yake ji ba, amma yana da mata da yara a gidan, kuma jiya hannu ne, gobe bai san mi ba. Ya ce in ba shi magana guda, cewa allura ba za ta sake tsayawa ba, ba na wata biyu ba, ba na shekara ba, muddin Nomau na da rai. Na ce na ba ka.

"Dakar fa?"

"Kano," na ce. A nan na fara jin kalmar ta fito daga bakina, ni ma kamar wani ne ya faɗa mini.

Na ɗauko Majo Bulus a moto na kawo shi har gindin gawon. Saura a samu Nomau ya yarda, kuma wannan karon sai da na tono dariyar daga can ƙasan cikina. Na ce mishi na fasa Dakar, don an ce can ba a shiga da bayi, ni kuwa ba ni barin dukiyata a hannun Ma'azu, ga shi wata ɗaya kawai har ya fara lalata mini ita. Ya dube ni, ya daɗe, na san ya gane.

"Ƙarya kake," ya ce. "Sun bincika ne sun gano kan naka kunnuwa ne kawai."

Ya juya wa Majo ɗuwawu. Ƙarfen ya zauna har maganin ya kama jikinsa, ni na naɗa tsumman da hannuna kafin in tafi, sa'an nan maƙeri ya zo ya yanke.

Gida ne ya fi wuya. Hadiza ta saurare ni har na gama, kayan da tela ya ɗinka na ninke bisa akwati. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗiyanka don ba a ɗaure su a gungume ba, shi ya sa ba ka ganinsu."

Ba ta sake yi mini maganar da ta wuce ga abinci, ga ruwa ba sai bayan kaka. Na san akwai abin Issuhu a ranta, tunda shawararta ce, ko da yake ba wanda ya taɓa ɗora mata. Shef kuwa ya ce in rubuta da hannuna cewa ni na ƙi, don kar gobe in ce an hana ni. Wani abokin aikinmu aka ba wurin.

Shaddar Dakar a Kano na tsufar da ita. Na zauna aji da yara sa'annin ƙannena suna ce mini Baba Faransa, in na buɗe baki da Ingilishi malami kan juya wa allo fuska don kar in ga yana dariya. Ranar Alhamis in kama hanya, in ƙetare iyaka, in kwana a shagon wani ɗan garinmu mai sayar da goro, Asabar da yamma in juyo. Sau ɗaya a wata, ranar Lahadi, jikina na ciwo kamar an daka ni a turmi, in hau moto in nufi Sarkin Hausa in je in zagi Nomau. Abin da za a yi a shekara biyu ya ci mini fiye da ninki. Karatun ba banza ba ne, na sami malamai na kirki, har na tarar abin da nake yi da taubashina yana da dogon suna a littafi, na dawo na gaya mishi, ya ce ashe har Turawa sun san ni ɗan iska ne. Amma takardar da ta je Yamai a auna ta, kafin ta dawo furfura ta gama cin kaina, saura ƴan shekaru in aje aiki. Ba laifin kowa ba ne, an gaya mini tun farko. Abokin aikin nan namu ya dawo daga Dakar ya zama babba, mutumin kirki ne, in ya zo zagaye Tasawa ni ke tarbarsa a ƙofar biro.

Ku kuka biya wani kashi na wannan, kuma ba a tambaye ku ba. Kai Mamman, da a Yamai ka yi lise wataƙila da ba ka maimaita bak, jarrabawar shiga jami'a, ba, wataƙila da yanzu ba a kantin wani kake ba. Na sha tunaninsa bisa moto. Ba na rubuta wannan don ku ce na yi daidai. Uwarku ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ko da yake duk ranar da Nomau ya zo da gujiyarsa, kwanonsa daban take zubawa, kuma naman da ya fi girma a ciki yake.

Allura ba ta sake tsayawa ba. Da Majo Bulus ya bar aiki, na koya wa wanda ya gaje shi yin shiru. Nomau ya binne Gwaggo da hannunsa, ya binne Ma'azu, ya riƙe gonar gidan tare da ɗiyan Ma'azu. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, irin wanda ke ɗaukar kowa, bayan kaka, dammunansa na ɗaure a gona ba a gama kwasowa ba. Ni da liman muka yi mishi wanka. Da muka zo ƙafar dama na riƙe ta a hannuna na duba. Tabo ne kawai, tsoho, ya shafe har gashi ya tsiro a gefensa. Liman na zuba ruwa, na sunkuya kusa da kunnensa na ce, kai bawa, haka ake yi, ka gudu ba ka sallami ubangidanka ba? Liman ya tsaya da butar a hannu. Na ɗan jira ko zai rama, sa'an nan na ce wa liman ya ci gaba da zubawa.